Gutsuren Ƙarfen Mastro-Lambros

…kuma ai ba wanda zai lalube mata aljihu. Wa zai yi? Mace mai shekara sittin da uku, baƙi tun daga ɗankwali har safa, tana tsaye bakin kabarin ubanta da hantsin Asabar — wa zai ce mata, Asimina, mene ne kike ta dunƙulewa a nan? Babu. Amma hannun ya ƙi fitowa daga aljihun rigar, ya jiƙe sharkaf da gumi, abin kuma sai sukar ta yake a tsakiyar tafi. Ɗan mitsitsin abu, bai wuce ƙwayar wake ba. Tsoro take ji. Tsoro sosai, irin wanda rabonta da shi tun tana 'yar firamare.

Shebur na shiga, shebur na fita. Ilir ne a ramin, ɗan Albaniyan da ke yi wa ƙauyen haƙan kabari tun da samarin garin suka watse birane. Ya wuce gwiwa, ya kusa ƙugu. Shekara biyar cif da aka kwantar da Baba a nan, shekara biyar kuwa ita ce ƙa'ida: a tono mutum, a wanke ƙasusuwansa da ruwan inabi, a jera su a akwati, a kai ɗakin ƙasusuwa da ke bayan coci, a bar wa mai zuwa ramin. Haka aka yi wa Inna. Haka za a yi mata ita ma. Ba wannan ne ya hana ta sakat sati uku ba, ai da hannunta ta wanke na Inna, ta yi kukanta, ta share hawaye, ta koma gida ta dafa wa baƙi abinci. Matan nan ne. Goma sha ɗaya, sau biyu ta ƙirga su, kowace kyandir a hannu, ido a rami. Ranar Inna mutum huɗu suka zo! Yau har masu ciwon gwiwa sun hawo tudu, har wadda ta ce hawan jini ya hana ta zuwa coci. Wa za su ruɗa? Ba addu'a ta kawo su ba. Ƙarfe suka zo gani.

Ƙarfen Baba, Lambros maƙeri, wanda duk gari ke ce wa Mastro, wato gwanin sana'a. Gutsuren bam ɗin Italiyawa da ya shige masa kwatangwalon hagu a duwatsun Albaniya, cikin sanyin shekarar alif ɗari tara da arba'in, ya zauna a nan shekara sittin da tara har ya mutu da shi… in ji shi. Shi ya faɗa. Ba wanda ya taɓa gani da ido. To yau nama ya tafi, ba sauran inda ƙarfe zai laɓe. In yana nan, yana cikin ƙasar nan da Ilir ke watsowa. In kuwa babu —

In babu fa?

"Bam? Wane irin bam?" Zisis mai aski ke nan, muryarsa na nan a kunnenta kamar jiya, a shagon kofi na dandali, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Tare aka ɗauke su soja, tare suka dawo, shi ya sa maganar la'anannen ke da nauyi… a'a, Allah ya gafarta masa, ya mutu, ba a zagin matacce a maƙabarta. "Ku tambaye ni, ina wurin! Alfadara ce, wata ja mai baƙin hali. Lambros ya ɗaga mata ƙafa zai buga takalmi, ta ɗauke shi da hauri sai cikin rafi. Ni na tsamo shi! Italiyawa ko labarinsa ba su ji ba." Shago ya ɗauki dariya. Ita tana bakin ƙofa, an aiko ta kiran Baba cin abinci, kunnuwanta suka yi zafi rau. Baba fa? Baba na kurɓar kofinsa. "Zisis, bakinka ya fi askarka kaifi, shi ya sa duk garin ke yawo da gemu." Shi ke nan. Dariya ta koma kan Zisis, aka ci gaba da karta. Shekara hamsin ana wannan, bai taɓa buga tebur ba, bai taɓa cewa ƙarya kake ba. Me ya sa, Baba? Mai gaskiya ai sai ya kifar da teburin. Ko kuwa mai gaskiyar ne ba ya damuwa? Ta juya tambayar nan ta kowace fuska, kowace fuska kuma daidai take fitowa.

Ga 'yar Zisis ɗin can, tsallaken rami. Garufaliya. Ta sa sabon tabarau — sabo fil! Don yau ta saye shi, ko tantama babu. Ɗazu a ƙofar maƙabarta ta sumbace ta kumatu biyu: "Allah ya ji ƙan Mastro, ƙawata. Yau dai musu zai ƙare, kowa ya huta." Ƙawata! Suna aji uku Asimina ta tsige mata gashi cike da hannu a filin makaranta, don ta bi bayanta tana ɗingishi tana kukan alfadari. Malami ya zane Asimina da rula, ta dawo gida hannu a kumbure. Baba ya duba, ya tsoma mata shi a randar da yake tsoma jan ƙarfe, bai tambayi dalili ba. Ya sani. Dole ya sani. Ya bar 'yar shekara tara tana shan duka a kan maganarsa… zai yi haka in ƙarya ce? Zai yi?

Ruwan randar nan baƙi ƙirin, ɗumi-ɗumi, yana warin gawayi. Duk gidan warin gawayi yake da ƙonannen kofato. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka kai shi wurin kawunsa jan zugazugi, kafin ya yi gashin baki ba alfadarin da ke sauko da katako daga dutse da bai san ƙafarsa ba. Shi ya sa soja suka ba shi alfadarai, ba don jarumta ba, shi da bakinsa ya faɗa: "Wasu an ba su bindiga, ni an ba ni guduma da dabbobi arba'in." Su ke hawa da burodi da harsashi inda mota ba ta zuwa, cikin dusar ƙanƙara har ƙirji, su sauko da masu rauni. Ya dawo gida a ƙasa, kwana ashirin da uku, yana jan ƙafar hagu. Ya buɗe maƙera. Yunwa ta zo, ya yi wa mutane aiki a kan mudun masara. Ya auri Inna, aka haifi huɗu, biyu suka tsaya, ita da ƙaninta Miltos. Ƙwam, ƙwam, ƙwam, tun fitowar rana har hannu ya ƙi ɗaguwa. Sai tarakta ta shigo, alfadarai suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, maƙeran ƙauyukan kusa suka rufe suka tafi Jamus. Shi ya ƙi. Ya koma ƙofofi, tagogi, bututun murhu, gyaran fartanya da lauje… ƙofar nan ma da suka shigo ta ciki ɗazu aikinsa ce, shekara arba'in ko ƙara ba ta yi. Yana da tamanin da biyar yana wasa wa tsofaffi gatari. Wannan duk gaskiya ne, ta gani da idonta, ba mai musu. To me ya sa duk tsawon rayuwar nan ta zo ta rataya a kan ƙwayar wake ɗaya?

Saboda kujerar gaba. Ashirin da takwas ga Oktoba, ranar tunawa da yaƙin, a nan ake zaunar da shi cikin kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa da Inna ke gogewa har yana ƙyalli, 'yan makaranta na wucewa da tuta suna juya kai wajensa. Malami ya ce, "Mastro-Lambros, ba yara labari." Ya tashi, ya dafa kwatangwalo. Labarin kuma… ita da ta ji shi sau hamsin ita ta san inda yake motsi. Wata shekara da safe ne, wata shekara da yamma. Wata shekara burodi ne a bayan dabbobin, wata shekara harsashi. Tsufa ne, ai tsufa ne! Wa zai riƙe safe da yamma bayan shekara sittin? Amma ranar da aka haife ta ya riƙe, har irin ruwan da aka yi. Sunayen alfadaransa arba'in ya riƙe, ko ɗaya ba ya tsallakewa.

"Taɓa nan." Ya kama ɗan yatsanta ya danna a gefen tabon. "Kin ji shi?" Ta ji. Wani abu mai tauri ƙarƙashin fata, yana zillewa. Ta ji, ko ta ce ta ji? Shekararta shida, Baba ya ce ga shi nan, me yarinya za ta ji in ba shi ba? Shi ke gaya masa ruwa na tafe. "Ku kwashe shanya, Ba'italiyen nan ya fara cizona." Kuma ruwan ya zo! Sau da yawa ya zo. To amma karayar hauri ma ai tana jin hadari. Gwiwar Inna ma tana ji, ba wanda ya jefa mata bam.

Sau ɗaya tak ta tambayi Inna, suna tsintar zaitun, ta daure ta tambaya. Matar da ta kwana gefensa shekara hamsin da ɗaya ai ta sani. Inna ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ubanki ya tafi da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya da rabi. Me kuma kike nema? Cika buhunki." Amsa ce wannan? I ce, ko a'a?

Sannan asibiti. Yana da tamanin da uku ya faɗo daga tsani, likita ya ce a ɗauki hoton ƙugu. Ya ƙi. Ƙememe. Ya ce ba wanda zai haska masa ciki kamar ƙwan kaza, ya nemi wandonsa, ya fita yana jan ƙafa, ita tana baya tana ba likita haƙuri. Daga ranar ne kokwanto ya shige ta, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Minti biyar, Baba. Hoto ɗaya. Da ta kai shi shagon kofi ta manna a bango, Zisis na raye ya gani da idonsa. Me ka ji tsoro? Ko dai taurin kai ne kawai, irin wanda ya hana ka zuwa Jamus, ya hana ka sa haƙoran roba?

Kuma satin ƙarshe, yana kwance a gadon da aka janyo masa bakin taga don ya riƙa ganin ƙofar maƙera, ta kawo romo ya ƙi sha, ya cafke mata wuyan hannu. Har lokacin riƙon maƙeri ne, sai da ya bar shaida. "In an tono ni, ke za ki wanke ni. Ba matar wani ba. Ke." Ta ce to, Baba, sha romonka. Shekara biyar tana tauna maganar nan. So yake ta gani da idonta ta huta? Ko so yake ya zama ita ce a gaban bahon wankin ƙasusuwan, don in babu ta san yadda za ta rufa masa asiri? Me ya hana ta tambaya? Yana nan, ido biyu, hankalinsa garau, ita kuwa romo ne ya dame ta.

Ƙwas. Shebur ya taɓa katako.

Matan sun matso taku ɗaya, tare, kamar an ja su da igiya. Fada Sotiris, limamin cocin, ya ɗaga muryar addu'a, hayaƙin turare na gangarawa cikin ramin maimakon ya tashi sama. Ilir ya jingine shebur, ya ɗauki 'yar fartanya, ya durƙusa. Daga duwatsun can ya fito, ta taɓa tambayarsa, garinsu bai da nisa da inda Baba ya ce… inda abin ya faru. Wataƙila kakansa ma ya ji ƙarar. Ko ya ga alfadarar. Ke, Asimina, natsu! Katakon ya ruɓe, yana ɗagowa ɓalli-ɓalli, Ilir na tsince ƙusoshin akwatin yana tarawa gefe guda kan wani dutse, mutum mai tsari. Ga kwat ɗin. Mai ruwan ƙasan nan ne, ita ta ce a sa masa shi.

Miltos bai zo ba. Ina zai zo? Yana can Jamus ɗin da Baba ya ƙi. A wajen cin abincin jana'iza, gaban mutane, kofin barasa a hannu: "Haba Asimina, ya mutu fa, mu daina wasan kwaikwayo. Kowa ya san alfadara ce. Kuma sai me? Ya ciyar da mu, bai taɓa ɗaga wa Inna hannu ba, bai ishe ki ba?" Da kanta ta buɗe masa ƙofa. Shekara biyar, ko waya. Ƙaninta ɗaya a duniya, wanda ta raina da hannunta, ta yar da shi a kan ƙarfen nan. In Ilir ya kakkaɓe ƙasar nan tas bai sami komai ba, Garufaliya za ta kira wata, watan ta kira wani, kafin la'asar labari ya isa wurin Miltos. Ba ma dariya zai yi mata ba, ta san shi. Tausayinta zai ji. Wannan ne ba za ta iya ɗauka ba.

Shi ya sa ta buɗe maƙera. Sati uku da suka wuce, da rana tsaka, ta ja ƙofa ta rufe kanta ciki kamar ɓarauniya a gidan ubanta. Komai na nan inda ya bari, awartaki a rataye daga babba zuwa ƙarami. Ta zura hannu a garwar da yake jefa guntayen ƙarfe, ta ɗauko ɗaya ba tare da ta zaɓa ba, ta ɗora a uwar maƙera ta maka masa guduma sau uku. Rabonta da riƙe gudumar nan… ai ba ta taɓa riƙe ta ba. Mace ba ta zuwa gaban wuta, iyakarta kawo ruwa. Ta jefa shi a tsohuwar kwalbar zuma, gishiri da lemon tsami, don ya ci tsatsa, ta tura bayan buhun fulawa, ba ta yarda ta kalle shi ba. Da safen nan ma ido a rufe ta tsamo shi ta sa a aljihu. Ba don ta yi amfani da shi ba! Don dai… don ya zama yana nan. Kamar maganin ciwon kai a jaka. In an ga na gaskiya, ta jefa wannan a rafi a hanyar gida, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Da kana nan, Baba, kallo ɗaya za ka yi masa ka gane. Wani ya taɓa kawo ƙarfen tayar amalanke, ya tsage, ya ce a shafe da fenti zai kai kasuwa ya sayar. "Ɗauki kayanka ka fita. A maƙerar nan ba a ɓoye tsaga." Har titi ka raka shi da faɗa. Mutumin da ya yi wannan, shi zai zauna a kujerar gaba shekara sittin a kan haurin alfadara? Ba zai yiwu ba. To in ba zai yiwu ba, me ƙarfe yake yi a aljihunki?

"Kiriya Asimina." Ilir ne, da kiran girmamawar da ake yi wa mata, ya ɗago ido. "Matso. Kansa zan fara miƙowa."

Ita ce babba, ita za ta karɓa. Farin ƙyalle na hannun hagu, wanda ta yi wa ado da zare a gefe. Hannu biyu ake karɓa. Hannu biyu! Sati uku tana tunani, wannan bai faɗo mata ba. Ta durƙusa, gwiwoyi na ƙara, na daman ya fito daga aljihu a dunƙule — me ya hana shi barin abin a ciki? Sakinsa kawai zai yi ya fito fanko — ya fito da shi. Ilir ya ba ta baya, ya sunkuya wajen kan. Mayafinta ya zubo ya rufe mata hannu. Tabarau ɗin Garufaliya na kallon inda kowa ke kallo. Ga tsakiyar kwat ɗin nan daidai ƙasa da ita, ga gefen hagu, ruɓaɓɓen yadi da ƙasa mai laushi. In babu fa, in babu fa… yatsun sun buɗe.

Ko ƙara bai yi ba.

Faɗuwa ya yi. Zamewa ya yi, gumi ne… Ƙarya kike, Asimina. Ke kika sake shi. Har aunawa kika yi.

Sai ga Baba a hannunta. Ba nauyi. Kan da ya gagari likita ya gagari kowa, ga shi cikin ƙyalle ba nauyi, launin kakin zuma. Ga giɓin nan na gefe. "Sannu da dawowa, Baba." Haka ake faɗa, ta faɗa, ta sumbaci goshin, ƙasa ta manne mata a leɓe. Bayanta ana ta ƙus-ƙus. "Tsaf ya narke." "Ku dubi launi, mutumin kirki ne, ƙasa ta karɓe shi." Ana miƙa shi hannu zuwa hannu, kowace na sumbata. Kuka take son yi, kukan ya ƙi zuwa, kunya ta tare masa hanya.

Sauran na zuwa ɗaya bayan ɗaya, ita tana gaban baho, ruwan inabi ja har wuyan hannu. Ƙashin damtsen dama ya fi na hagu kauri, a ido ma ana gani, shekara saba'in na guduma. A kan kafaɗar nan ya ɗauke ta zuwa bikin coci a ƙauyen gaba, tana sama tana tangaɗi da ɗingishinsa, hagu, dama, hagu, ta riƙe kunnuwansa tana ihu ya ƙara sauri. Kuma ya ƙara. Yatsu. Haƙarƙari. Tana wankewa tana shanyawa kan farin zane, ba ta ɗaga ido ba, amma ta san ba mai kallon haƙarƙari. Jira suke.

Kwatangwalo.

Har Fada ya sassauta murya. Tana juya shi cikin bahon, tana bin sa da babban yatsa lungu-lungu. Ga wurin. Gefen hagu ya yi wani kumburi, ƙashi ya taɓa fashewa ya haɗe a karkace. To ya ji ciwo, wannan kam ba ƙarya. Amma me ya fasa shi? Ƙashin bai faɗa ba. Ƙarfe a jikinsa babu. Ta sake bi. Babu. Garufaliya ta miƙo wuya, ta gyara tabarau, ta yi wani ɗan tari. Ai cewa ya yi a nama yake, gefen ƙashi, likitan soja ya ce a bar shi — ya kamata ta faɗa musu haka, da ƙarfi, amma ta ci gaba da bin ƙashin da yatsa. Ilir ya ɗauko rariyar waya, wadda yake tankaɗe ƙasa da ita don kada ƙananan ƙasusuwan yatsu su ɓace. Shebur ɗaya, girgiza. Tsakuwa. Shebur biyu. Maɓallin kwat. Uku…

"Kiriya Asimina. Wannan ba ƙusa ba ce."

Yana miƙo mata shi a tafin hannu. Baƙi, a cure da ƙasa, kamar ƙwayar wake.

"Wayyo Maryamu!" Hannuwa goma sha ɗaya na alamar gicciye. Wata ta fashe da kuka. Fada ya ce a sa shi cikin akwatin tare da mai shi, tunda tare suka sha wuya. Sai ga Garufaliya ta zagayo ramin, ta cire tabarau, hawaye shaɓe-shaɓe, na gaske, ba na ganin ido ba, ta riƙe mata kafaɗu. "Ki yafe wa babana, Asimina. Shekara da shekaru yana… bakinsa ne kawai, na rantse ba mugu ba ne. Ni ma ki yafe min."

Ranar nan take jira tun tana aji uku. Ga ta. Ga 'yar Zisis na roƙon gafara gaban mata goma da limamin coci. Ina daɗin?

Ta tsoma ƙarfen a bahon. Wanke shi, ki gani. Ƙasa na sakinsa, ruwan na ƙara duhu. Nata… yaya nata yake? Yana da tsini ɗaya, wanda ke sukar ta. Wannan ma na da tsini. Ta danna shi a tafi — zafi, daidai wurin. Amma wurin ya riga ya yi rauni, ko tsakuwa ta danna zafi za ta ji. Nata ya kai wannan nauyi? Kamar bai kai ba. Kamar ya kai. Nata ai ja-ja zai yi, tsatsar sati uku, wannan kuwa baƙi ne… ruwan inabi ne ya baƙanta shi, ko shekara saba'in da huɗu? Ba ta kalla ba. Ba ta taɓa kallon nata ba! Ta ɗauko ba ta zaɓa ba, ta tsamo ido a rufe don kunya, yanzu ga shi ba ta san fuskar ƙaryarta ba. Miltos zai gane. Shi aka koya wa sanin ƙarfe, shafawa ɗaya zai yi ya raba na bam da na takalmin alfadari, ita ruwa take kawowa. Ta kira shi ta ce me? Ƙanena, zo ka duba min, na Baba ne ko wanda na jefa?

Rubu'in awa. Da hannun ya ƙara rubu'in awa a aljihu, da yanzu ta sani. Rami ɗaya, sau ɗaya ake buɗe shi, ita da kanta ta dagula shi. Matan nan gani suka zo yi. Ko Garufaliya gani ta zo yi. Ita kaɗai ce ta hawo tudun nan da hukuncinta a aljihu. Zisis dai a gaban idonka yake faɗa, Baba, kana da bakin ramawa. Ni sai da na jira ba ka da baki.

"Kiriya." Ilir na tsaye cikin ramin, ya dafa rariya, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Ƙasusuwa sun cika, na duba. Saura ƙasa kamar shebur goma ban tankaɗe ba. In ƙarasa, ko in mayar in rufe?"

In ya ƙarasa, na biyu ya fito — to Baba ya yi gaskiya, matan su ce ashe har biyu ne, ita kaɗai ta san ɗayan na waye. In ya ƙarasa, rariya ta fito fanko… to wannan nata ne, za ta sa shi a akwatin da hannunta, gefen kan ubanta, ta rayu tana sane. In ya rufe, shi ke nan, ba za ta taɓa sani ba, har ranar da za a tono ta ita ma.

"Ai an gama, bawan Allah, rufe kawai," in ji Garufaliya, tana share hanci. "Ko, Asimina?"

Ilir bai motsa ba. Ita yake kallo, ita ce 'yar mamacin. Duk ita suke kallo, kyandirori sun kusa cinyewa, ruwan inabi na bushewa a hannunta yana danƙo. Ta gaji. Gwiwoyinta, bayanta, ta gaji matuƙa. Kalma ɗaya ce kawai. Ƙarasa. Rufe. Ta buɗe baki, ba ta san wacce za ta fito ba —